Littafin shell yana jure tsufa, na kula da saba ba ya jurewa

Ni ke kula da kwamfutocin wata cibiyar koyar da kwamfuta a Samaru, kuma kusan duk abin da na sani na Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, daga littattafai na tsinto shi. A Zariya samun sabon bugu sai an dace. Abin da ya fi yawa shi ne gwanjo, sai fotokwafin da ɗalibai ke gadar wa juna har rubutun ya koɗe.

Ba kowane tsohon littafi nake gudu ba. Na shell, wato manhajar da kake buga wa umarni a rubuce, ba ya saurin lalacewa: bash, shell ɗin da aka fi sani a Linux, tun 1989 yake, grep da sed da awk, umarnan bincike da sarrafa rubutu, kuwa duk sun girme shi. The Unix Programming Environment na Kernighan da Pike bugun 1984 ne, amma bayaninsa kan haɗa umarni da umarni ta alamar | har gobe yana aiki. In na gan shi da araha, ɗauka nake.

Na kula da tsarin kwamfuta da saba (server, kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) shi ne kamar tumatir, ba ya ajiyuwa. Ubuntu, wani nau'in Linux, ya koma systemd, sabon tsarin tayar da manhajoji idan an kunna kwamfuta, a 2015. Littafin da aka buga kafin nan zai yi ta aika ka /etc/init.d, ma'ajin tsohon tsari, alhali systemctl, umarnin systemd, ne a gabanka. Zai ce ka buga ifconfig don duba netwok, allo ya ce bai san wannan umarni ba, don yanzu ip ake amfani da shi. Shi ya sa kafin in tambayi farashi nake duba shekarar bugu, in juya fihirisar baya in nemi systemd. In babu, sai in ce, "Malam, Allah ya kawo kasuwa."

Akwai gwaji na biyu ga littafin shell. Nakan buɗe misali guda in ga ko marubucin yana rubuta "$fayil", wato abin da ke riƙe da sunan fayil, cikin alamar zance. Wanda ba ya yi, ranar da aka kawo maka fayil mai sarari a sunansa, kamar yadda sakatarori ke son sa wa takardunsu, umarnin da ka kwafa daga gare shi zai ɗauke shi fayil biyu. Ina kuma duba ko ya bambanta sh, shell na asali, da bash, domin a Ubuntu /bin/sh wani shell ne daban mai suna dash, ba ya gane alamar [[ ]] da bash ke ganewa.

Mai farawa, The Linux Command Line na William Shotts nake nuna masa. Marubucin ya saki PDF ɗinsa kyauta, sai ka buga babin da kake kai a takarda don karatu idan an ɗauke wuta. Babban kundin kula da saba na su Evi Nemeth, UNIX and Linux System Administration Handbook, bugu na 5 na 2017, ya haura shafi dubu kuma da tsada. Mu uku muka yi karo-karo muka saya, yana ofis, ana buɗe shi idan saba ta ƙi tashi.