Dakon Albasa da Hasken Rana Daga Fadama Zuwa Kwalta

Kamfaninmu ƙarami ne, kuma aikinsa ɗaya ne: ɗauko amfanin gona daga fadamun Kogin Rima a yankin Wurno, inda ruwan madatsar Goronyo ke raya noman rani, zuwa bakin kwalta inda manyan motoci ke lodi su nufi birnin Sakkwato ko kudancin ƙasar nan. Da kekunan dako masu ƙafa uku masu shan fetur muka fara. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta zarce 1,000. Idan muka ƙara kuɗin dako manomi ba zai iya biya ba, idan kuma muka bar shi yadda yake uwar kuɗinmu za mu cinye. Wannan ne ya kai mu ga kekuna masu aiki da batir, waɗanda muke yi wa caji da farantan sola.

Rana ba ta yi mana rowa a Sakkwato, amma zafinta ne babban abokin gabar batir. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma albasa ke fitowa da yawa, batirin da aka jona wa caji yana dawowa daga aiki da zafinsa ba ya daɗewa. Saboda haka muka yi rumfar zana mai iska a gefen farantan, kuma doka ce direba ya cire batirinsa ya ajiye a inuwa ya huce, ya ɗauki wanda ya cika ya koma. Da hunturu kuma ƙura ce matsalar. Yaron da ke kula da tashar cajin yakan bi farantan da tsumma mai laushi tun da sassafe, domin ƙurar da za ka iya rubuta sunanka a kanta ta isa ta rage wutar yini.

Ban taɓa ɗaukar masu amalanke da jakuna a matsayin abokan gasa ba. Akwai gonakin da rairayi ya kewaye, akwai kuma hanyoyin da laka ke rufewa da damina, waɗanda keken batir mai nauyin buhuna ba zai shiga ya fita ba. Mai amalanke ke fito da kayan zuwa hanyar burji, mu ɗauka daga nan, kowa ya samu rabonsa. Muna kuma haɗa kayan manoma da yawa a sawu ɗaya, musamman ranar kasuwar Achida, sannan keke ya komo da taki, ko buhun gishiri, ko kayan masu shaguna, don kada ya dawo fanko.

Abin da ya fi damuna shi ne gyara. Bakaniken da ya saba da babur ɗin kabu-kabu zai kwance injin fetur ido rufe, amma idan na'urar da ke sarrafa wutar keke ta ƙone, sai an aika Kano, keken kuma ya yi ta zama. A ganina sufurin ƙauye ba zai ɗore ba muddin gyaransa na hannun mutumin da ke wata jiha. Shi ya sa muke biyan kuɗin koyon aikin lantarki ga matasa daga ƙauyukan da muke yi wa dako, muna kuma ware wani abu daga kuɗin kowane sawu domin ranar da batir zai mutu, tunda shi ne mafi tsada a jikin keken. Batiran da suka mutu ba ma barin su a bola kusa da rijiya ko fadama. Muna tara su a ɗaki mai sanyi har dillalin da ya sayar mana ya karɓe su.