Jan birona da Rory McIlroy

Abokaina a majalisa sun gaji da yi min tsiya wai ina kallon wasan masu kuɗi, mutum ya buga ɗan ƙwallo ya bi shi da ƙafa awa biyar, to ni dai haka Allah ya jarabce ni. Har littafi gare ni, wani tsohon littafin 'yan makaranta da bangonsa ya yage, a ciki nake rubuta matsayin da Rory McIlroy ya ƙare a manyan gasannin golf guda huɗu na kowace shekara, wato Masters, PGA, US Open da kuma Open ta Birtaniya. In ya ci kofi da jan biro nake rubutawa, sauran duk shuɗi.

Na fara ne a 2011, kuma da baƙin ciki na fara. Yaron nan ɗan Arewacin Ayalan, lokacin shekararsa 21, ya shiga ranar ƙarshe ta Masters yana gaba da tazarar bugu 4, sai kawai ya rikice ya yi bugu 80 (a golf mai ƙarancin bugu shi ne gwani fa, 80 ga irinsu abin kunya ne), ya ƙare na 15. Na ce shi kenan wannan ya karye. Ashe ƙarya nake, bayan wata biyu ya je US Open ya cinye da tazarar bugu 8. A 2012 ya ɗauke PGA, nan ma tazarar 8. A 2014 kuwa biyu ya haɗa, Open da PGA. Kofi huɗu yana ɗan shekara 25, wallahi har na fara lissafin ko zai kamo Tiger Woods, ko ma Jack Nicklaus mai manyan kofuna 18.

Daga nan jan biro ya shiga hutu.

Shekara goma cur sai shuɗi, kuma abin haushin ba wai baya ƙoƙari ba ne, yana zuwa bakin gaɓa sai abin ya suɓuce. Na biyu a Masters 2022, na uku a Open da aka yi a St Andrews a shekarar, na biyu a US Open 2023 da bambancin bugu ɗaya tak. Amma wadda ta fi ci min rai ita ce US Open ta Pinehurst a 2024, a rami na 16 cikin 18 ƙwallo bai kai ƙafa uku da ramin ba ya ɓarar, a na 18 ma ya sake ɓarar da wani gajere, Bryson DeChambeau ya tafi da kofin. A littafi "2" kawai na rubuta, lambar ba ta nuna cewa ranar ko tuwon dare ban iya ci ba.

Sai 13 ga Afrilun 2025 a Augusta, ranar ƙarshe ta Masters, kofi ɗaya da ya rage masa cikin huɗun. An ɗauke wuta, a waya nake kallo ina lallaɓa caji. Ramin farko ya yi asarar bugu biyu, a na 13 ya jefa ƙwallo cikin rafi, a na 18 da zai gama komai ya sake ɓararwa, kai mutumin nan zai iya sa wa mutum hawan jini. Aka tafi raba gardama shi da Justin Rose, suka koma rami na 18, wannan karon Rory ya saka. Ya durƙusa yana kuka, ni ma kaɗan ya rage. Ya zama mutum na shida da ya taɓa cin duka huɗun, bayan Sarazen, Hogan, Gary Player, Nicklaus da Tiger.

Sha biyun dare ta wuce na ɗauko littafin, na ciro jan biron daga tsakiyarsa, na goga na goga ya ƙi rubutu, ashe ya bushe tuntuni. Sai da na haska tocilan na lalubo wani a jakar makarantar 'yata.