Kwana biyu a Northampton, garin masu ɗinkin takalmi

Ruwan sama ne sanadin zuwana Northampton. Ina Landan wajen wani taro na mako guda, ran nan da yamma ruwa ya tsuge ina tafe a ƙasa, sai na ji sanyi yana ratsa safata ta dama. Da na koma masauki na juya takalmin, na tarar ƙasansa ya buɗe baki daga gaba, gam ɗin da ke riƙe da shi ya saki. Wata takwas ke nan da sayensa. Na kai wa wani mai gyara, ya lanƙwasa shi, ya kankare gefen da farce, ya nuna mini cewa abin da na ɗauka ɗinki ne, zane ne kawai aka yi a jikin roba. Ya ce zai manna mini, amma ba zai ɗauki alkawarin ko wata biyu ba. Shi ne ya ba ni shawara, in ina da sarari, in leƙa Northampton in ga yadda ake yin takalmi.

Daga tashar Euston jirgin ƙasa ya kai ni cikin kusan awa guda. Gari ne na jan bulo, gidaje a jere kamar haƙoran mataji, sai ka sha kwana ka ci karo da masana'anta a tsakiyar unguwa. Sana'ar ta shiga jinin garin, har ƙungiyar ƙwallon ƙafarsu ana yi mata laƙabi da Cobblers, wato masu gyaran takalmi. Tun ƙarni na 17 suke ɗinka wa sojoji takalma, kuma abin da ya kafa sana'ar a nan shi ne shanu, da ruwan kogin Nene, da ɓawon itacen oak da majema ke jima da shi. Kamfanin Tricker's ya faro a 1829, Church's a 1873, Crockett & Jones a 1879, duk kuma har yau suna aiki a garin.

Na fara da gidan tarihin da ke titin Guildhall, inda aka tara takalma sama da 15,000. Akwai wanda Sarauniya Victoria ta sa ranar aurenta a 1840, akwai ma wani ƙaton takalmi da aka ɗinka wa giwar da aka bi da ita ta duwatsun Alps a 1959. Ban daɗe ba, don hankalina yana kan kantunan da ke jikin masana'antun.

A ɗaya daga cikinsu na sami wani dattijo mai furfura, tabarau rataye a wuya. Ban gama nuna takalmin da ya burge ni ba ya ɗauko wani da aka tsaga gida biyu tun daga baki har dunduniya, ya aza a kan tebur. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba duk tsawon shekarun da na yi ina sa takalmi. Akwai wata siririyar fata mai kauri da ta zagaye gindin takalmin. Da farko ana ɗinke ta da fatar sama da shimfiɗar ciki, sannan a sake wani ɗinkin daban da zai haɗa ta da tafin da ke taka ƙasa. Ramin da ya rage a tsakiya ana cike shi da garin ɓawon itacen nan da ake toshe bakin kwalba da shi. Wannan shi ne ɗinkin Goodyear, sunan Ba'amurken da ya yaɗa injinsa wajen 1870. Amfaninsa a fili yake: in tafin ya cinye, mai gyara zai farke ɗinki na biyu kawai, ya sa sabo, fatar sama ko taɓa ta ba a yi ba. Shi kuma garin ɓawon, da tafiya ta yi tafiya sai ya lotsa daidai da tafin ƙafar mai shi. Dattijon ya sa na dangwala yatsa a cikin wani tsohon takalmi da aka kawo gyara, na ji gurbin babban yatsa da na dunduniya kamar an zauna an sassaƙa su.

Sai ya koma kan fata. Ya miƙo mini ƙyalle biyu. Na farko yana sheƙi kamar madubi, santsi ko'ina. Na biyu bai kai shi ƙyalli ba, amma in ka matso da ido za ka ga ƙananan ƙofofin gashi. Ni da na farkon zan ɗauka. Ya ce in naɗe kowanne in sake. Mai sheƙin ya bar wani farin layi mai kauri, don an kankare fuskarsa an shafe da wani abu mai kama da roba, kuma nan ne zai fara tsagewa. Na biyun, fatar ɗan maraƙi da aka bar ta da fuskarta, ƴan siraran tamoji ya yi, ya goga da babban yatsa suka kusa ɓacewa. Irin wannan ce ke shan mai, tana ƙara kyau da tsufa.

Wajen gwaji ne muka fi daɗewa. Na faɗa masa lambata, ya ce, "Yallaɓai, bari dai mu auna." Ya auna ƙafa biyun ina tsaye, ta hagu ta ɗan ɗara ta dama, ya ce da babbar ake saye. A ma'aunin Ingila sulusin inci ne tsakanin lamba da lamba, faɗi kuma da haruffa ake nuna shi, ga shi kowane samfuri da gungumen da aka gina shi a kai, saboda haka lamba ɗaya ba ta zama ɗaya a ƙafa. Wanda na zo da niyyarsa samfurin Oxford ne, mai rufaffen wurin igiya. Da na sa, bakin ya ƙi haɗuwa, yana danne mini bayan ƙafa. Ya kawo Derby, wanda kunnuwansa ke buɗewa, nan take na ji ƙafata ta sake. Ya duba ko wurin da ƙafata ta fi faɗi ya zauna daidai inda takalmin ke lanƙwasa, ya sa na yi ta kai da kawowa yana kallon dunduniya. Ya kuma ce na yi sa'a da na zo da la'asar, don ƙafa kan ɗan kumbura in yini ya yi nisa. Abin da ya fi ratsa ni, bai yarda da maganar nan ta "zai saki" ba. Ya ce fata tana ɗan saki a faɗi, amma tsawo ba ya ƙaruwa har abada.

Na ɗauki ruwan ƙasa mai duhu, mai tafin robar Dainite saboda damina. Yana naɗe shi yana yi mini huɗuba: kada in sa shi kwana biyu a jere, don gumin da fata ta sha sai ta huta yini guda take bushewa. In na cire in cusa masa katakon itacen cedar mai siffar ƙafa. In ya jiƙe kada in kai shi kusa da wuta, in cika shi da takarda in bar shi ya sha iska. Buroshi kullum, mai kuwa kaɗan.

Washegari da safe na sa shi na taka daga masauki zuwa tasha, tafiyar minti ashirin. Yana da tauri, gefen dunduniyar hagu ya ɗan ci ni, kamar yadda dattijon ya ce zai yi a makon farko. Muna barin gari aka fara yayyafi, kafin mu isa Euston ruwa ya kankama. Na fito na bi ta cikinsa har masauki, da na cire takalmin na taɓa safata, a bushe take.