Gyara ko sabo: sana'ata a ɗakunan ƙasa na Miniyapolis

Ranar 30 ga Janairun 2019 sanyi ya kai digiri 33 ƙasa da sifili a birnin Miniyapolis na Amurka. Har sai da kamfanin Xcel Energy ya roƙi masu amfani da gas ɗinsa a jihar Minesota su rage ɗumin gidajensu zuwa kusan digiri 17 don gas ya wadaci kowa. Ni da ma'aikatana biyu a mota muka kwana, daga wannan gida zuwa wancan. A irin wannan dare, idan injin ɗumama gida ya mutu, kafin gari ya waye ruwan famfo na iya daskarewa cikin bango, bututu ya fashe, asarar ta ninka kuɗin gyaran.

Gyaran firji da eyakwandishan na koya a Kano tun ina saurayi. Da na zo Amurka na koma makarantar koyon sana'a, aka sa ni koyon kishiyar abin da na iya, wato ɗumama gida. Yanzu muna da motoci biyu, ma'aikata biyu da ɗan koyo ɗaya, uwargidana kuma ita ke riƙe da lissafi da amsa waya.

Injin da ake kira fanes a nan galibi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa yake, tsayinsa bai wuce ƙirjin mutum ba. Gas yana ci a cikin wasu lanƙwasassun bututun ƙarfe, waɗanda a shagonmu muke kira hanjin inji. Fanka na hura iskar gida ta bayan ƙarfen, ta ɗauki zafi, ta bi hanyoyinta zuwa ɗakuna, hayaƙi kuwa ya fita waje ta tasa hanyar. Ƙarfen nan shi ne katanga tsakanin hayaƙi da iskar da yara ke shaƙa.

Mai gida ba ya ganin komai daga cikin wannan. Yana tsaye a bayanka cikin rigar sanyi, iyalinsa na sama sun lulluɓe da bargo, duk abin da ka faɗa masa sai ya yarda. Wannan shi ne nauyin sana'ar.

Wani bawan Allah ɗan zangon Kumasi, bai daɗe da sayen gida ba, ya kira ni wata safiya. Injinsa kan kama, ya yi ɗan lokaci kaɗan, ya mutu. Wasu sun riga ni zuwa, sun rubuta masa takardar sabon inji ta dala 9,000. Na buɗe murfi, na kwance ɗan tsinken ƙarfen da ke tabbatar wa inji cewa wuta ta kama. Ya yi fari fat da datti. Idan tsinken nan bai ji wuta ba, inji kan rufe gas da kansa, don haka aka ƙera shi. Na goge shi har ya yi ƙyalli, na mayar, na kunna. Harsunan wuta shuɗaye suka jeru suka tsaya. Ya ce, "Malam, shi ke nan?" Na ce, "Shi ke nan, Alhaji. Injinka shekararsa tara, da sauransa." Dala 140 ya biya, kuɗin zuwa da aiki.

Mafi yawan kiran da muke samu irin wannan ne. Makunnin wuta idan ya tsage, a wurinmu dala 250 zuwa 350 ne. Ƙaramar fankar da ke jan hayaƙi, ko allon lantarkin da ke sarrafa injin, daga 500 zuwa 900. Babbar fanka kan haura 1,000 idan irin ta zamani ce mai sauya gudu. Kiran dare ko na ranar hutu akwai ƙari, kuma tun a waya muke faɗa. Wani lokaci ma filta ce kawai ta toshe da ƙura, iska ta kasa wucewa, inji ya yi zafi ya kashe kansa. Abin dala goma ke nan, wanda mai gida zai iya canzawa da hannunsa.

Inda ba ni da ciniki shi ne idan hanjin ya tsage. Shekara da shekaru ƙarfe na zafi yana hucewa, wata rana sai ya tsaga, kuma iskar kabon monoksaid na iya samun hanya zuwa ɗakuna. Ba ta da wari, ba ta da launi. Ita ce dai iskar da ke kashe mutane a gida lokacin hunturu idan aka shiga ɗaki da kaskon gawayi aka rufe ƙofa da taga. Dokar Minesota ta wajabta sa ƙararrawar gano ta cikin ƙafa goma daga ɗakin kwana, amma sau da yawa nakan tarar an cire batir.

Na taɓa shiga wani gida mai yara huɗu, inji ya shekara 22. Da fanka ta tashi sai na ga harshen wuta yana rawa yana komawa baya. Na zura ƙaramar kyamara, ga tsaga nan tsawon ɗan yatsa. Na kira mai gidan ya gani da idonsa a allon. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ka rufa mini asiri, ka kunna mini shi zuwa bazara. Wallahi ba ni da shi yanzu." Matarsa ta ce kwana uku ke nan yaran na kukan ciwon kai. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ba zan kunna ba." Na rufe gas, na ɗauko hita huɗu na lantarki daga mota na bar musu aro, na ce a kai yaran asibiti a duba su. Washegari uwargidana ta taya shi cike takardar neman tallafin makamashi, shirin gwamnatin tarayya da ake kira LIHEAP, wanda a Minesota yakan biya gyara ko canjin inji ga masu gida masu ƙaramin ƙarfi. Mutanenmu da yawa ba su san da shi ba, wasu kuma kunya ke hana su.

Irin wannan inji yakan yi shekara 15 zuwa 20. Idan ya wuce 15 kuma gyaran zai ci kusan rabin kuɗin sabo, shawarata a canza. Sabo da kafawa da takardar izinin hukumar birni a wurinmu daga dala 4,500 zuwa 8,000 ne.

Sai a zauna a yi zaɓi. Akwai inji mai mayar da kashi 80 cikin 100 na gas zuwa ɗumi, saura ya bi hayaƙi, akwai mai kashi 95 zuwa sama. A garin da ake kunna inji wata shida zuwa bakwai, na biyun nake ba da shawara, amma da tsarabarsa. Hayaƙinsa ya huce sosai har yana zama ruwa, saboda haka yana buƙatar magudana, da bututun roba da ke fita ta bango, wanda dusar ƙanƙara kan toshe idan an sa shi ƙasa da yawa. In kuma tukunyar ruwan zafi ta gas, wadda a da take haɗa hanyar hayaƙi da tsohon inji, ta rage ita kaɗai a tsohuwar hanyar, galibi sai an zura wa hanyar siririn bututu. Duk wanda ya ba ka farashi bai duba waɗannan ba, farashin bai cika ba. A 2023 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar da ƙa'idar cewa daga ƙarshen 2028 sababbin injinan gas na gidaje su kai kashi 95.

Mutane na son babban inji, suna ganin ya fi ƙarfi. Wanda ya fi ƙarfin gida yakan kama ya mutu, ya kama ya mutu, wani ɗaki zafi wani sanyi, hanjin kuma ya tsufa da wuri. Shi ya sa nake auna ɗakuna, in ƙirga tagogi, in leƙa rufi kafin in ambaci girma. Masu tambayar famfon zafi, wanda da lantarki yake jawo ɗumi daga iskar waje, nakan ce na zamani na aiki har cikin sanyi mai tsanani, kuma da bazara shi ne eyakwandishan. Amma a nan na fi son in haɗa shi da injin gas da zai karɓa a dare irin na 2019.

Watan Satumba da Oktoba mukan bi gidajen abokan cinikinmu kafin sanyi ya sauko. Ɗan koyona ke riƙe da fitila, ni ina auna hayaƙi. Kafin mu fita nakan sa shi ya rubuta kwanan wata a gefen sabuwar filta, ya hau sama ya danna ƙararrawar da ke bakin ɗakin yara mu ji kukanta.