Keken da ya kai ni maƙabartar Ambuwaz

Na sauka Tur, wani gari a Faransa, a watan Satumba na 2021, da jaka ɗaya da takardar shiga jami'a. Kafin Disamba ta kama, na riga na san abin da ake kira kaɗaici. Ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe gari. In na dawo daga karatu sai in hau bene hawa huɗu, in rufe ƙofa, shi ke nan har gobe. A Damagaram, daga ƙofar gidanmu zuwa masallaci sai ka gaisa da mutum goma, kowa ya tambaye ka gajiya da mutan gida. A nan kuwa na yi wata uku ban san sunan wanda muke haɗa bango da shi ba. Ga zirga-zirgar takardun zama: a ce ka dawo da wannan, ka dawo a ce saura wancan.

Wani dattijo da ke hawa na ƙasa shi ya fara yi mini magana ta haƙiƙa. Ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, shekarunsa sun haura saba'in. Na tarar da shi a ɗakin ajiya ya kifa keke yana goge sarƙa da tsumma. Na tsaya ina kallo, don ni ma na yi shekara biyu ina zama wurin mai faci a unguwarmu lokacin ina yaro. Na nuna masa cewa birkin baya yana gogar taya. Ya ɗago ya dube ni da kyau, ya miƙo mini sifana. Bayan mako guda ya ƙwanƙwasa ƙofata da wani tsohon keken tsere na ƙarfe da hular kwano, ya ce ranar Lahadi ƙarfe takwas in sauko. Tun ranar nake ce masa Baba. Da farko abin ya ba shi mamaki, daga baya ya saba, har in na manta na ce masa Musye sai ya ɓata rai.

Keken tsere ba irin namu na kai kaya kasuwa ba ne. Tayarsa siririya kamar yatsa, kansa a lanƙwashe, kana tuƙi a sunkuye. Mu takwas ne a tawagar, duk sun haife ni. Amma ranar farko, a hawan da ke bayan garin Vuvre, kusa da Tur, suka bar ni ina haki kamar wanda ya yi tsere da doki. Baba ya dawo baya ya ce in liƙe wa tayarsa ta baya, kada in bar tazarar da ta wuce kamu ɗaya, shi zai tsaga mini iska. Haka ake yi: na gaba ya sha wahala, in ya gaji ya koma baya, wani ya karɓa.

A kan keken nan na fara ganin ƙasar. Kogin Luwar shi ne mafi tsawo a Faransa, ya ɗan haura kilomita 1,000, kuma an shimfiɗa hanyar keke ta kusan kilomita 900 a gefensa har bakin teku. Tun shekarar 2000 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wani yanki na kwarin cikin kayan tarihin duniya. Daga Tur in ka bi gaɓar arewa ka wuce Roshkorbon, za ka ga gidaje a cikin dutse, ƙofa da taga a jikin tsauni, hayaƙi na fita ta saman ƙasa. Farin dutse ne mai laushi, shi aka haƙa aka gina fadojin sarakuna, ramukan da suka rage kuma mutane suka shiga, ko suka mayar da su rumbun ajiyar kwalabe saboda sanyinsu ba ya canzawa rani da damina. A saman tsaunin kuwa gonakin inabi ne iya ganinka, layi-layi a kan waya.

Maganar giya ba zan ɓoye ta ba, don ita ce abincin yankin. Ranar da muka tsaya wurin wani manomi aka jera kofuna, gabana ya faɗi, ina tunanin yadda zan ƙi ba tare da na ɓata wa mai gida rai ba. Na ce ni Musulmi ne, ba na sha. Uwar gidan ba ta ce komai ba, ta shiga ciki ta kawo mini ruwan inabi da ba a tsima ba. Daga ranar ba wanda ya ƙara tayar da zancen. Da kaka ta zo aka yi mini tayin aikin tsinkar inabi, kuɗin kuma ina bukatarsu ƙwarai, amma raina bai kwanta ba, na bari.

Azumin 2022 ya faɗo a Afrilu. A farkonsa aka yi wani sanyi mai tsanani. Bayan sahur da asuba barci ya ƙi zuwa, na sa safar hannu biyu na hau keke na nufi Vuvre ni kaɗai. Ina gama hawan sai na taka birki. Gonar gaba ɗaya wuta ce, ɗaruruwan gwangwanaye na kyandir suna ci tsakanin layuka, hayaƙi ya kwanta a ƙasa. Manomin nan na tsaye da fitila a goshi, ya tsuguna yana taɓa wani ɗan toho da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ya gane ni. Ya ce in sanyin ya ƙone wannan tohon, amfanin shekara ya tafi, kuma bara ya ci musu da yawa. Kwana biyu bai runtsa ba. Idonsa ja, gashin bakinsa da raɓa. Wallahi fuskar mahaifina na gani, lokacin da ruwa ya ɗauke bayan shuka, gero ya fara naɗe ganye, yana tsaye bakin gona yana duban gabas. Na jingine keken, ya ba ni abin kunnawa, muka bi layi muna tayar da waɗanda suka mutu har rana ta fito.

Fadojin kuwa mun zaga da yawa. Shanonso an gina ta a kan kogin Sher, ruwa na bi ta ƙarƙashinta. Shambor, wadda Sarki Faransuwa na Ɗaya ya fara a 1519, girmanta ya wuce misali. Na yaba da aikin magina, amma ban ji komai a zuciya ba. Ɗan Damagaram da ya tashi yana jin yadda Faransawa suka ci garinsu a 1899 ba ya kallon dukiyar sarakunan nan da ido ɗaya.

Ambuwaz daban ce. Kilomita ashirin da 'yan kai ne daga Tur, ka bi ta Munluwi. Masu yawon buɗe ido suna zuwa ne don kabarin Leonardo da Vinci, shahararren mai zane, wanda ya rasu a garin a 1519. Baba ya saya mana tikiti, ya wuce da ni ta gaban wannan ba tare da ya tsaya ba, ya ce akwai abin da yake so in gani a can ƙarshen lambu. Duwatsu ne ashirin da biyar a jere, da rubutun Larabci a jikinsu.

A nan na ji labarin. Amir Abdulƙadir na Aljeriya, wanda ya yi shekara goma sha biyar yana yaƙi da Faransa, ya ajiye makami a ƙarshen 1847 bisa alkawarin za a bar shi ya tafi ƙasashen gabas. Aka saɓa alkawarin. A 1848 aka kawo shi wannan fada da iyalinsa da mabiyansa, aka tsare su shekara huɗu, har Luwi Napoliyon, shugaban Faransa na lokacin, ya zo da kansa ya sake shi a Oktoban 1852. Cikin waɗannan shekaru sanyi da cuta suka ɗauke mutum ashirin da biyar daga cikinsu, har da mata da yara ƙanana. A 2005 aka gyara wurin da aka binne su. Mutanen rana ne kamar ni. Sun ga irin duhun Disamban da na gani, a bakin kogin nan, ba su da keke, ba su da waya, ba su san ranar fita ba. Na cire hular kwano na fuskanci alƙibla na yi musu addu'a, hawaye na zuba ban iya tsayar da su ba. Baba ya ja gefe ya cire tasa hular, ya tsaya har na shafa.

Da dare na kira gida na ba mahaifina labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, “To, akwai mai kai musu ziyara?” Na ce ban sani ba, Baba. Ya ce, “Kai ne kusa da su yanzu. In ka je ka yi musu sallama, ka ce har da ni.”

Yanzu kusan kowane wata ina zuwa. Dattijon gwiwarsa ta fara damunsa, ba kullum yake iya bi na ba. Ran da ya iya, a hanyar dawowa iskar yamma takan tare mu a kan gaɓar kogi, sai in shige gaba, in ji ƙarar sarƙarsa a bayana har mu hango hasumiyoyin cocin Tur.