Daga Bronx: zaman gida sai mai abin hannu

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na gida.

Ina gaishe ku daga Bronx a birnin New York, inda Hausawan Gana da Nijar da Najeriya muke neman na kanmu. Har yau idan zancen korona ya taso, nakan ji wasunmu suna cewa taurin kan talaka ne ya hana shi ba da tazara. Wannan magana tana yi mini ciwo, shi ya sa na ce bari in gaya muku yadda aka yi a nan.

Ranar 22 ga Maris 2020 dokar kulle ta gwamnan jihar New York na lokacin, Andrew Cuomo, ta fara aiki: kowa ya zauna gida, in fita ta kama a bar ƙafa shida tsakani. Daga farkon Maris zuwa farkon Mayu, kimanin mutum 420,000 suka fice daga birnin. A unguwannin masu hannu da shuni na Manhattan, irin su Upper East Side, kusan kashi 40 cikin ɗari sun kulle ƙofa sun tafi, wasu zuwa gidajensu na hutu. Waɗanda suka rage suna aiki da kwamfuta daga falo, abinci kuwa a kawo musu har bakin ƙofa.

To wa ke kawowa? Mutanenmu ne. Da asuba in ka shiga jirgin ƙasa mai lamba 4, za ka tarar da mata masu jinyar tsofaffi, da masu gadi, da masu jera kaya a kanti, kafaɗa na gugar kafaɗa, wani ko takunkumi bai samu ba sai gyale ya naɗa a hanci. Ba jahilai ba ne, sun fi kowa tsoron cutar. Amma mai hannu baka hannu ƙwarya in bai fita ba, kuɗin haya na jiransa, ga iyali a Agadas ko Kumasi suna sauraron aike, ga azumi ya kawo kai.

Gidan ma da ake cewa a zauna, ku dube shi. Na san ɗakin da direbobin tasi ke kwana karɓa-karɓa: mai aikin dare ya dawo, mai aikin safe ya tashi ya ba shi katifa. Banɗaki ɗaya, kicin ɗaya. Likita ya ce wa irin wannan ya killace kansa mako biyu. A ina, don Allah? Shi ya sa Bronx, wadda ta fi sauran gundumomi huɗu na birnin talauci, ta fi su yawan mamata gwargwadon jama'arta. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa.

Da ƙarfe bakwai na yamma ana leƙowa ta taga a tafa wa ma'aikata. Amma da gwamnatin tarayya ta raba wa mutane tallafin dala 1,200 kowannensu, marasa takardun zama ko sisi ba su gani ba. A gundumar Brooklyn kuwa, cikin mutum 40 da aka kama kan karya dokar tazara, 35 baƙar fata ne.

Ku ma kun ɗanɗana, lokacin da aka kulle Kano a Afrilun 2020. Ɗan dako da mai shayi da mai tura ruwa ba su da abin da za su ci su zauna. Nan ma sai da marasa takardu suka yi yajin cin abinci kafin jihar New York ta ware musu dala biliyan 2.1 a Afrilun 2021, bayan shekara guda cur suna fita cikin annoba.

Ku gaida mini kowa da kowa. Wassalam.