Kafin ka sayi tayar keken tsere

Samari masu hawa keken tsere a Katsina, abin da ya fi cin kuɗinmu mu na gaba shi ne sayen taya da ido. Ku ku duba lambar da ke gefenta. Idan ka ga 28-622, ta farko faɗin tayar ne a milimita, ta biyu girman rim. Keken tsere na yanzu 622 yake ci. Tsofaffin na gwanjo masu 27 x 1¼ 630 ne, Raleigh irin ta iyayenmu mai 28 x 1½ kuma 635. Da 622 da 635 duk "ashirin da takwas" (wato inci 28, ba faɗin taya ba) ake ce musu a shago, amma babbar za ta subuce daga rim da zarar an ba ta iska, ƙaramar kuwa ba za ta hau ba.

Siririyar taya mai faɗin 23 tana da kyan gani, shi ke nan. A hanyar Katsina zuwa Daura, inda kakan kauce wa mota ka sauka gefen kwalta cikin yashi da tsakuwa, 28 ta fi ta, 32 ma idan ta shiga. Ka tabbata akwai sarari kamar milimita 4 tsakaninta da ƙarfen keken ta kowane gefe.

Babban abokin gabarmu ƙaya ce, musamman tsidau. Tayar Continental Grand Prix 5000 tana da laushi da gudu, amma fatarta ba kauri, ga tsada. Gatorskin ta fi jure ƙaya, sai dai za ka ji taurinta a hannu. Schwalbe Marathon nauyi gare ta, amma akwai roba mai kaurin milimita 3 a ƙarƙashin fatarta. Ga mai zuwa makaranta ko kasuwa kullum, ita zan zaɓa. Kenda da CST masu araha ba laifi, muddin sababbi ne ba waɗanda rana ta busar a rataye ba. Lanƙwasa gefen: in ka ga tsattsagewa, ajiye ta.

Sai iska. Mai nauyin kilo 70 a kan taya mai faɗin 28, psi (ma'aunin ƙarfin iska) 70 zuwa 75 ya isa, ta gaba a rage kaɗan. Kamfaresar mai faci ta babura takan wuce gona da iri, zafin kwalta da rana kuma ya ƙara. In iskar ta yi kaɗan, rim zai datse tif a bakin rami, ka ga huji biyu gefe da gefe. Huji ta ɓangaren rim kuwa, zanen da ke rufe ramukan sifok ne ya goce. Kafin ka mayar da tif, bi cikin tayar da yatsa a hankali, don ƙayar takan maƙale.

Tayar baya ta fi saurin cinyewa. In ta ƙare, mayar da ta gaba baya, sabuwar ta tafi gaba, domin fashewar tayar gaba ita ke kayar da mutum.